Lambar da Muka Binne a Bayan Ɗaki

Bari in fara da wautata da bakina, don in na bari matata ta faɗa, sai ta zuba gishiri har miyar ta ƙi shawuwa. Ni ne tsohon nan na unguwar Majidaɗi a Jalingo da ya shafa wa furfurarsa baƙi, ya ari kwat a wajen maƙwabci, ya tafi karɓar lambar yabo ta yaƙin da bai je ba. Bindiga ban taɓa riƙewa ba, ko ta harbin gafiya. Yaƙi biyu na sani a duniya, da ɓerayen shagona da matata, kuma babu wanda na ci a ciki.

Makaranta na shiga ta ƙofa na fita ta taga, a aji biyu. Ɗan karatun da nake lallaɓawa da shi, a littafin waƙoƙin coci na tsince shi. In kun ga rubutuna yana ɗingishi ku yi haƙuri, haka ya taso. Sana'ata kifi banda: in sauka Lau in saro, in kawo kasuwar Jalingo in kasa. Sana'ata ta biyu, wadda ba ta buƙatar jari, ƙarya ce. Ba irin ta raba aure ba, irin ta gyara zance. Kifin da ya gaji da zama a shago, a bakina jiya aka kama shi. Na taɓa gaya wa mutane a gidan burkutu cewa wani ƙaton kada ya biyo ni daga bakin kogi har tashar mota, kuma akwai waɗanda har yau suke rantsuwa sun ga sawunsa. Yayata ta san ni da wannan hali tun muna yara. Ita ke bina a baya tana share ɓarna, kamar mai bin jaki da tsintsiya.

Mijin yayata ya rasu da wuri, ya bar ta da ɗa namiji guda. Da gyaɗa da doyar da take sayarwa a bakin titi ta raine shi. Dogo ne, mai manyan kunnuwa, da tabo a goshi. Tabon nan aikina ne: na goya shi a keke yana ƙarami, na tsaya gaisawa da wata mai kunu, muka zube a kwalbati. Na je gida na ce rago ne ya tunkuye shi. Har ya girma yana tsokanata da ragon nan. Da ya gama sakandare ya zaga gari neman aiki har takalminsa ya cinye, sai ya shiga soja. Ni kuwa na samu abin tinƙaho. Duk wanda ya taya min kifi da wulaƙanci sai in tuna masa ɗana soja ne. In ya bugo waya daga can dajin da aka tura su, gaisuwarsa ɗaya ce: "Kawu, yaya ƙarya? Tana tafiya?" In ce, "Ta fi kifi tafiya."

Sai wayar ta daina shiga. Aka ɗauki lokaci a haka. Rannan sojoji biyu suka zo gidan yayata, suka tuɓe huluna a ƙofa. Suka ce ya faɗi a bakin aiki, kuma an riga an binne shi can tare da abokansa, da girmamawa. Kalmar nan ta girmamawa sun maimaita ta har na zaci wani kaya ne za su sauke daga mota su shigar ɗaki. Suka sha ruwa suka tafi.

A nan sai na yi muku bayanin al'adarmu, in ba haka ba ba za ku gane inda gizo ke saƙa ba. A wajenmu ba a rufe mutum sai kawunsa, ɗan'uwan uwa, ya zo an buɗe masa likkafani ya dubi fuska. Dattijo ya tambaye shi, "Shi ne?" Ya ce, "Shi ne." Daga nan uwa za ta saki kuka, sauran mata su kama mata. Kafin wannan kalma uwa ba ta zubar da hawaye ko ɗigo. Kakanninmu masunta ne, kogi yakan tafi da mutum ya dawo da shi bayan an fid da rai, shi ya sa suka ce wadda ta yi wa ɗanta kuka kawu bai gani ba, ita ta kira masa mutuwa da bakinta. Coci ya zo ya share abubuwa da yawa a ƙauyenmu, amma wannan bai taɓa ba. Fasto ma yakan tsaya da littafinsa a hannu ya jira kawu.

To, kawun yaron nan ni ne. Babu wani. Kuma ban ga komai ba.

Matan zumunta na coci suka cika gidan, kowace ta ɗaure zani tamau, ta zo da kukanta a shirye. Yayata ta fito ta ba su ruwa, tana tambayarsu ko sun karya. Suka zauna suna kallon juna har rana ta yi, suka watse da kukansu a ciki. Fasto ya yi sujada ta musamman, ta je ta zauna da zaninta mai furanni, ido a bushe. Watanni suka wuce. Tana fita kasuwa, tana dawowa, tana ramewa. Kukan ya tsaya mata a maƙogwaro kamar ƙayar karfasa, bai fita ba, bai wuce ba.

Bayan sabuwar shekara aka aiko cewa ranar tunawa da sojoji za a ba iyalan waɗanda suka faɗi lambar yabo, kowane gida mutum ɗaya ya zo. Yayata ta kira ni. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗaga kai ba.

"Kai za ka je," ta ce. "Ba ƙarfensu nake so ba. Ka nemo min wanda ya ga fuskarsa. Dattawa sun ce in ka ji daga bakin wanda ya gani da idonsa, ya isa."

"Yaya, ki bar min wannan. Ni da baki? Sai na sa kanar ya tako gidan nan da ƙafarsa."

"Ƙanena, wannan karon ban da ƙari."

"Haba Yaya."

"Na ce ban da ƙari."

Na yi alkawari, na fito. Kafin in kai bakin titi zancen kanar ya fice daga kaina, na shiga tunanin abin da zan sa. An ce za a nuna a talabijin. Na sayi baƙin gashi na ƙulli a kasuwa, na zauna a tsakar gida da guntun madubi ina shafawa. Matata ta tsaya a kaina da muciya a hannu.

"Maigida, gawa za ka karɓo ko amarya?"

Na ce mace ba ta san harkar gwamnati ba.

Ana gobe taro aka kira mu gwaji. Ashe karɓar lambar mamaci ma sai an koya. Wani saje mai tumbi ya jera mu a fili, tsofaffi da zawarawa, ya ce mu saurara da kyau.

"In an kira suna, ka tashi. Ka yi tafiya sak kamar sanda. Oga zai maƙala maka, zai ba ka hannu, ka kama, ka duba kyamara, ka wuce. Babu dogon labari. Babu kuka. Mai kuka ya yi nasa a gida ya gama kafin ya zo."

Na ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "Ranka ya daɗe, in mutum yana da tambaya fa?"

"Tambaya bayan fareti, Baba."

Da murfin kwalbar lemo aka yi gwajin. Wani kofur ya zama oga, yana manna mana murfi a ƙirji, muna godiya. Kuma in gaya muku gaskiya, ko da yake ba sana'ata ba ce, na fi kowa iyawa. Har sajen ya ce in sake a gaban jama'a su gani. Na sake, ina buga ƙafa. Kaina ya kumbura ya fi ƙarfin hula.

Kusa da ni aka ajiye wata tsohuwar Bafulatana daga wata ruga a gefen garin Mutum Biyu, ita ma ɗanta ta rasa. Ta shinshina iska ta dube ni ta ce, "Kai mai kifi ne." Na ce da can ne, yanzu babban ɗan kasuwa ne. Ta ce, "To, sannu mai kifi." Ni kuma na sa mata Goggo.

Ranar taro mun zo da sassafe, kamar yadda aka ce. An kafa rumfuna masu labule, an jera kujerun laushi, an sa fanka. Wannan na manya ne. Mu da aka yi taron dominmu, kujerun roba aka jera mana a tsakiyar rana, wai don kyamara ta same mu sosai. Manyan suka riƙa isowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ƙirjinsa cike da lambobi kamar mai tallar makullai, kowa da wuya uku. Na duba na duba ban ga mai tabo ko ɗaya ba. Babban baƙon da ake jira bai zo ba, ya aiko wakili. Wakilin ma sai da inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa ya iso. Ya karanta jawabi da Turanci bai ɗaga kai ba, yana tuntuɓe, da ji ka san shi ma a nan suka fara haɗuwa da takardar.

Akwai wani sojan siminti a tsakiyar filin, tsaye da bindigarsa. Shi ya more ranar. Manya suka riƙa tashi suna kai masa furanni, suna sunkuyawa a gabansa. Furannin roba ne, daga baya na ga ana kwashe su ana kakkaɓewa, ana mayarwa cikin kwali don baɗi. Aka busa begila, aka harba bindigogi sama. Goggo ta dafe kai ta duƙa, ta ce da ni, "Ba su gaji da wannan abu ba?" Sannan aka saki fararen tattabaru, wai alamar zaman lafiya. Suka yi zagaye ɗaya a kanmu suka miƙe Sabon Gari, gidan wanda ya sayar da su. Ni ɗan kasuwa ne, na yaba wa mutumin nan. Hajar da ke komawa gida da kanta ba kowa Allah ke ba ba.

Sai aka fito da lambobin a kan faranti, a jibge kamar ƙosai. Ana kiran suna, wakili ya miƙa hannu ya ɗauki wadda ta zo masa. Aka kira sunan yaronmu. Rabon da in ji sunan nan cikakke a bakin wani tun ranar da aka yi masa baftisma. Na tashi. Rana ta narkar da baƙin da na shafa, yana gangarowa ta bayan kunnena yana shiga wuyan kwat ɗin maƙwabci. Na yi tafiya sak kamar sanda. Wakili ya maƙala min, ya ba ni hannu, hannu mai laushi kamar burodin safe. Ga kanar tsaye a gefensa, wanda na yi wa yayata alkawari, in na miƙa hannu zan taɓa shi. Tambayar tana kan harshena, wallahi tana nan. Sai mai hoto ya ce, "Baba, ɗan murmushi."

Na yi murmushi. Duk haƙoran da suka rage min sai da na fito da su. Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Na juya na wuce. Har yau ina neman abin da na gode wa.

Tambaya bayan fareti, in ji saje. Ana gama fareti jiniya ta tashi, manya suka nufi motoci. Daidai lokacin kuma aka buɗe bayan wata mota a ɗaya gefen, aka fara raba shinkafa da nama a 'yan robobi. Kanar a hannun dama, shinkafa a hannun hagu. Tun safe ban sa komai a ciki ba. Ba sai na faɗa muku inda ƙafata ta nufa ba. Da na samu robata na waiwayo, ko ƙurar motarsa ta kwanta. Na tare saje, na ce ga tambayata.

"Baba, ni a nan Jalingo nake, ban je can ba. Sai hedikwata."

"Ina hedikwatar take?"

Ya turo baki wajen da motoci suka bi, ya ci gaba da cin namansa.

Muka zauna da Goggo a gindin wani mangwaro muna cin shinkafar. Ta kwance tata lambar daga bakin mayafi, ta juya ta gaba da baya.

"Mai kifi, wannan shi zinari ne?"

"Zinari tsantsa, Goggo. Daga ƙasar waje aka yo su."

Ta kai baki ta gartsa mata haƙori, ta duba, ta tofar. "Fenti ne." Ta ce in ba ta tawa ta gani. Na cire na ba ta. Ta ɗora su a tafin hannu tana aunawa, ta ce in karanta mata inda aka rubuta sunan ɗanta. Na duba tata, na duba tawa. Babu suna a ko ɗaya. Tana cikin jujjuya su suka zube a cinyarta, ta tsince su.

"Wacce ce tawa?" na ce.

"Ɗauka ɗaya, mai kifi. Wanda ya yi su ma bai san yaran ba."

Na ɗauki ɗaya. Na tambaye ta me za ta yi da tata. Ta ce akwai saniyar da ɗanta ya bari, ita za ta rataya wa a wuya. "Ita dai ta san shi," ta ce.

Mai hankali daga nan gidan yayata zai nufa. Ni gida na tafi, na aiki matata ta ce mata ana kan bincike, manya sun karɓi maganar da hannu biyu. Na mayar wa maƙwabci kwat ɗinsa da baƙin wuya, muka yi 'yar rigima, na maƙala lambar a rigata ta zuwa kasuwa. Da farko na ce na kwana biyu ne. Sai na ga abin yana da amfani. A hanyar Lau akwai shingayen sojoji, inda a da ake sauke mu a zazzage kwandon kifi. Yanzu da sun leƙo sun ga ƙirjina sai su ƙame: "Baba tsohon soja, ku wuce." Direbobi suka fara rububina, suna ba ni gidan gaba. A gidan burkutu na zama wanda ya yi yaƙi a ƙasashen waje, na haye kogi da kyaftin a bayana, harsashi na wucewa ta tsakanin ƙafafuna. Ƙwarya tana zuwa ban san wanda ya saya ba. A gida matata ta daina kirana maigida. Sai ta dire kwano ta ce, "Janar, ga tuwo. A ci a koma bakin daga."

In na hango yayata a bakin titi da tiren gyaɗarta, sai in sa mai keke ya bi ta wani layi.

Ranar da abin ya ƙare, muna dawowa daga Lau ne da rana tsaka, mota cike. Ina tsakiyar ba fasinjoji labarin kyaftin muka iso shinge. Wani soja siriri, idonsa ja kamar wanda bai san barci ba, ya leƙo. Bai ƙame ba. Ya daɗe yana kallon ƙirjina.

"Baba, wannan ba ta masu rai ba ce. Wa ka rasa?"

Wata mata a baya ta ce, "Af." Na sauko, don ban ga fuskar da zan zauna da ita a ciki ba. Muka koma gefen titi. Na gaya masa ɗan yayata ne, na faɗi inda aka ce abin ya faru. Ya ce ya san wurin, suna cikin waɗanda aka tura kwashe su. Ga shi nan, abin da na kasa tambayar kanar a gaban kyamara, na tambaya a bakin kwalta ina warin kifi.

"Ɗana, ko ka ga fuskarsa? Dogo ne, yana da tabo a nan."

Ya kawar da kai yana kallon hanya. "Baba, ranar nan ba a ga fuskar kowa ba. Wuta ce. An dai ƙirga, an raba sunaye a kan kaburbura." Ya gyara rataya bindigarsa. "Ku wuce."

Na cire lambar na jefa a aljihu tare da goro. Har muka shiga Jalingo babu wanda ya tambaye ni ƙarshen labarin kyaftin.

Washegari na je gidan yayata. Na ajiye mata lambar a kan tabarma, na ce ba a samu wanda ya gani ba, kuma ba za a samu ba. Ban faɗi zancen wuta ba, ban faɗi zancen Goggo ba. Ta ɗauka ta juya bayan lambar tana neman suna, kamar yadda kowa ke yi, ta ajiye. Ba ta tambaye ni inda lambar ta kwana duk tsawon lokacin nan ba. Jalingo ba ta da girman da za a ɓoye janar a cikinta.

Dattawan ƙauye suka zauna a kan maganar, don kowa na ganin matar nan tana ƙarewa a tsaye. Suka tuna cewa a da, in kogi ya ƙi dawo da mutum sam, akan binne filafilin kwalekwalensa a madadinsa. A naɗe shi a likkafani, kawu ya duba ya ce shi ne, uwa ta yi kukanta. Suka ce to, tun da gwamnati da kanta ta ce wannan ƙarfe shi ne madadin yaron, a yi masa yadda ake yi wa filafili. Kowa ya ce madalla da hikimar manya. Ni ma na gyaɗa kai. Ban ce musu filafili yana da gurbin hannun mai shi ba, ya sha guminsa, kawu yana iya gane shi cikin ɗari. Wannan abu kuwa yaron bai taɓa ganinsa ba. Gumin da ya sha nawa ne.

Muka tafi ƙauye, can gefen Lau. Aka haƙa rami a bayan ɗaki kusa da kabarin ubansa, ɗan ƙarami, kamar za a dasa mangwaro. Da hantsi jama'a suka taru. Matan zumunta sun zo daga Jalingo mota guda, da kukansu na bara da ba su samu sun sauke ba. Yayata tana zaune a tabarma, ta miƙe ƙafafu, a karo na farko da baƙin zani. Ba ramin take kallo ba, bakina take kallo.

Dattijo ya ɗauko ɗan farin ƙyalle a tafin hannu, ya buɗe a hankali, yadda ake buɗe fuska.

"Kawun yaro, matso ka duba. Shi ne?"

Na matsa, na sunkuya. Ban san me idona ke nema ba, wataƙila tabon goshi. Tabo kuwa na gani. A gefen lambar, inda fenti ya ɓantare, ga gurbin haƙorin Goggo. Duk yawon da na yi da ita a ƙirji ban lura ba, don ni ƙyallin nake kallo. Ta ɗan Goggo ce a hannunmu. Tamu, in ma akwai wata tamu, tana can wuyan saniya a Mutum Biyu.

Kalma biyu ake nema a wajena. Ni da na sa kada ya yi tafiya har tashar mota, ni da na goyi kyaftin. Na buɗe baki, babu abin da ya fito.

"Kawun yaro, shi ne?"

Na ɗaga ido muka haɗa da yayata, na mayar ƙasa.

Dattijo ya sake tambaya, wannan karon da ɗan faɗa a muryarsa. Sai tari ya kubce min. Fasto, wanda rana ta dame shi kuma yana da ɗaurin aure a gaba, ya karɓi tarin nan a matsayin amsa, ya ɗaga waƙa. Mata suka ɓarke da kuka, har da masu birgima. Aka sa ƙyallen a rami, aka tura ƙasa, hannu biyu ya isa. Kowa ya ce an gama lafiya.

Yayata ba ta yi kuka ba. Ta san tarina, ta san maganata, tun ina tsumma.

Tana nan har yanzu a bakin titi da tirenta, ta ƙara ƙanƙancewa. Baƙin zanin ta ninke ta mayar akwati. Duk shekara ana yin faretin, ina jin ƙarar bindigoginsu daga shago, kuma in na ɗaga kai nakan ga tattabarun nan suna komawa Sabon Gari. Ban sake zuwa ba, ban sake shafa baƙi ba. Ƙarya dai ban daina ba, kada ku ɗauka wani waliyyi na zama, kifina har gobe jiya aka kama shi.

A ranar binnewar, da jama'a suka lafa, ina zaune ni kaɗai a gindin tsamiya, ta zo da kanta ta kawo min tuwo. Ta ajiye, ta zuba min ruwan wanke hannu kamar yadda take yi tun ina yaro. Ta tsaya har na kai loma ta farko. Abin da ta faɗa, ba da faɗa ta faɗe shi ba.

"Ƙanena, duk garin nan babu wanda ka hana ƙaryarka. Ni kaɗai ce na zo nema ka ce ta ƙare."